Tarihin Rayuwar Sonny Bill Williams, Kashi na Uku: Kafaɗa da Tafin Hannu

A makon jiya mun baro Sonny Bill Williams a birnin Sydney, tauraruwarsa tana haskawa a kulob ɗin Canterbury-Bankstown Bulldogs. Yaron da aka haifa a Auckland ta ƙasar Niyu Zilan ranar 3 ga Agusta, 1985, ya riga ya buga wa ƙasarsa wasa yana ɗan shekara 18, ya kuma ɗaga kofin NRL, babbar gasar zari-ruga ta Lig a Ostireliya, a 2004 yana ɗan shekara 19, ranar da suka doke Sydney Roosters da ci 16 da 13. A 2007 ya sa hannu a sabon kwantiragi na shekara biyar. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

Sai ga shi a ƙarshen watan Yuli na 2008, kaka tana tsakiya, ya hau jirgi ya bar Ostireliya, bai yi sallama da koci ba, bai yi da abokan wasa ba. Ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba sai a Toulon, wani gari na bakin teku a kudancin Faransa. Kulob ya sauya, ƙasa ya sauya, amma babban abin shi ne wasan ma ya sauya: ya bar zari-ruga ta Lig ya koma zari-ruga ta Yuniyon.

Wanda bai saba kallo ba zai ce ai duk kanwar ja ce, ƙwallo ce mai kama da ƙwai, ƙarti suna gudu ana kayar da su, minti 80 ana yi. Asalinsu ɗaya ne kuwa. A 1895 ne kulob-kulob 22 na arewacin Ingila suka ɓalle bayan wani taro a garin Huddersfield, saboda 'yan wasansu leburori ne da ma'aikatan masaƙa da masu haƙar kwal, suna son a riƙa biyan su ladan aikin da suke rasawa ranar wasa, hukumar da ke Landan ta ce atafau. Daga nan Lig ta samo asali, ana biyan kuɗi. Yuniyon kuwa ta yi shekara 100 cur tana cewa ba a buga mata wasa don kuɗi, sai a 1995 ta sauko. Shi ya sa a da kogin gefe ɗaya yake gangarawa, 'yan Yuniyon ne ke gudu zuwa Lig neman abin kai wa bakin salati. Bayan 1995 sai ruwa ya juya.

Dalilin Williams bai rasa nasaba da wannan ba. A NRL akwai ƙa'idar iyakar albashi, wato jimillar kuɗin da aka yarda kowane kulob ya kashe a kan 'yan wasansa, komai ƙwarewar ɗan wasa ba a ƙetare ta. A Toulon kuwa shugaban kulob ɗin, Mourad Boudjellal, attajiri ne da ya yi arziki da buga littattafan zane, ya dawo da kulob ɗin babbar gasar Faransa ta Top 14 a wannan shekarar, yana sayen manyan sunaye ba ya waiwaye. Kocin kuma Tana Umaga ne, tsohon kyaftin ɗin All Blacks, wato tawagar Yuniyon ta ƙasar Niyu Zilan, ɗan asalin Samoa kamar mahaifin Williams. Bulldogs suka garzaya kotu a Sydney, daga baya aka sasanta a kan dalar Ostireliya 750,000, aka kuma rufe masa ƙofar NRL har tsawon shekarun da suka rage a kwantiragin. A idon magoya bayan Bulldogs ya ci amana, kuma gaskiya yadda ya fita ba ta da kyau. Shi kansa daga baya bai kare ta ba.

To amma ba a kotu gizo ke saƙar ba, a fili ne. Ya kamata mu ɗan tsaya a nan, domin wanda bai fahimci abin da jikin ɗan wasa ya haddace a Lig ba, ba zai gane wahalar da ke cikin ƙetarawa ba.

A Lig mutum 13 ne kowane ɓangare. Masu ƙwallo suna da damar a kayar da su sau shida, in aka yi ta shida ba su ci ba, ƙwallo ta koma hannun abokan gaba. Da zarar an kayar da kai, alƙalin wasa ya ce an kama, shi ke nan, babu mai taɓa ƙwallon. Za ka miƙe, ka ajiye ta a gabanka, ka tura ta baya da tafin ƙafa ga abokinka. Masu tsaro kuma dole su ja baya mita 10, ban da mutum biyu da ke tsayawa a gabanka. Saboda haka abin da ɗan Lig ya koya tun yana yaro shi ne: in za ka faɗi, faɗi rub da ciki, rungume ƙwallo a ƙirji, miƙe da sauri kafin su jeru. In kuma shi ne mai kamu, ya koyi kokawa da saman jiki, ya juya mutum rigingine, ya danne shi na daƙiƙa biyu ko uku har abokansa su koma layi.

Duk wannan, in ka kai shi Yuniyon, laifi ne. A can mutum 15 ne, babu ƙidayar kamu, kuma faɗuwa ba ta tsayar da wasa, a nan ne ma rikicin ke farawa. Wanda aka kayar dole ya saki ƙwallo nan take. Wanda ya kayar dole ya saki mutum, ya mirgina ya ba da wuri. Sai 'yan ɓangarorin biyu su yi karo a kan ƙwallon, a tsaye da ƙafafunsu, abin da ake kira rak. Shiga rak kuma da ƙofa, daga bayan ƙafar mutum na ƙarshe na ɓangarenka, ba daga gefe ba. Ɗan wasan da ya iya, yana faɗuwa zai juya jikinsa ya fuskanci mutanensa, ya miƙa hannu ya ajiye ƙwallon can nesa da abokan gaba gwargwadon tsawon hannunsa. Ɗan Lig da ya manta ya rungume ta kamar yadda ya saba, alƙali zai busa masa laifin riƙewa. Wanda kuma ya ruga shi kaɗai ya tsere wa masu mara masa baya, da ya faɗi wani zai sunkuya a kansa ya wafce ƙwallon. Kowane irin wannan kuskure a rabin filinka maki 3 ne kyauta, domin bugun tara a Yuniyon 3 ne, a Lig 2. Dangwale ƙwallo bayan layi kuwa 5 ne a Yuniyon, 4 a Lig.

Sannan fili ya tsuke. Mutum biyu sun ƙaru a kowane ɓangare, kuma masu tsaro ba sa ja da baya mita 10 bayan kowane kamu, layinsu yana nan daidai ƙafar ƙarshe ta rak. Mai gudun da ya saba samun mita 10 na ɗaukar wuta kafin ya yi karo, yanzu yana karɓar ƙwallo mutum yana numfashi a fuskarsa.

Tambaya ta farko da kowane koci ke yi idan ɗan Lig ya zo masa ita ce: a ina zan ajiye shi? A Bulldogs Williams yawanci cikin ƙartin gaba yake, a sahu na biyu. Tsayinsa ya haura mita 1.9, nauyinsa ya haura kilo 100, a ido ya dace da ƙartin Yuniyon takwas. Amma waɗannan takwas ɗin sana'arsu daban ce. Akwai sikiram, inda takwas ke haɗa kafaɗa su ture takwas da gaske, ba irin na Lig ba da mutum shida ke jingina kawai a wuce. Akwai jifan layi idan ƙwallo ta fita, da kiraye-kirayensa na sirri, da wanda zai yi tsalle, da biyun da za su ɗaga shi, da taƙaitaccen lokacin da za su yi hakan tare. Akwai mol, turereniyar tsaye. Waɗannan ba a koyonsu a kaka ɗaya. Brad Thorn, wanda ya baro Brisbane Broncos a 2001 ya shiga cikin ƙartin, sai 2003 ya fara buga wa All Blacks, kuma shi ana kafa misali da shi ne saboda irinsa ba su da yawa. Daga baya an ga abin da ruɗani ke yi: Sam Burgess ya koma kulob ɗin Bath na Ingila a 2014, kulob yana sa shi cikin ƙarti, Ingila tana sa shi a tsakiyar 'yan baya, bai cika shekara ɗaya da rabi ba ya tattara ya koma Lig.

Umaga, wanda shi kansa ɗan tsakiya ne, ya raba Williams da wannan wahala. Ya mayar da shi cikin 'yan baya bakwai, daga ƙarshe ya zauna a tsakiya, inda lamba 12 da 13 suke. Wannan shawara ita ce rabin nasarar da ta biyo baya.

Abubuwa biyu ya shigo da su a jakarsa daga Sydney, ɗaya ya zama arziki, ɗaya ya zama bashi.

Bashin shi ne kafaɗa. A NRL ta wancan lokacin an halatta ka tari mai ƙwallo da kafaɗa tsagwaronta, hannu a maƙale a jiki, ka bangaje shi ya yi sama. Williams ya yi suna da wannan fiye da kowa a zamaninsa, 'yan kallo don ita suke zuwa. A Yuniyon kuwa doka ta ce duk kamu sai an yi ƙoƙarin zagaye mutum da hannu. Dalilin a fili yake: idan hannu yana maƙale, kafaɗa ta zama dutse, mai kamu ba ya sunkuyawa, kuma ba shi da yadda zai sarrafa inda za ta sauka. Mai ƙwallo ya ɗan duƙa kaɗan, abin da aka nufa ƙirji sai ya samu muƙamuƙi. A wasansa na farko a Toulon, na sada zumunci ne ma da wani ƙaramin kulob na makwabta a watan Agusta na 2008, kafaɗar ta fito da kanta, alƙali ya ɗaga masa katin ɗorawa, ya je ya zauna minti 10. Sabo ne. A wurin atisaye mutum yana tunawa ya buɗe hannu, amma a cikin rabin daƙiƙa, ga gajiya, jiki abin da ya fara koya yake komawa.

Arzikin kuwa tafin hannu ne, wato sakin ƙwallo ga aboki alhali ana cikin kama ka. Masu kallo suna ɗaukarsa siddabaru, amma matakai ne da ake iya lissafawa. Ba ya nufar ƙirjin mai tsaro, ratar da ke tsakanin mutum biyu yake nufa, don kowannensu ya same shi da hannu ɗaya kawai. Kafin karo yana mayar da ƙwallon hannun da ke nesa da mai kamu, ya damƙe ta da yatsu da tsintsiyar hannu, ɗaya hannun kuma ya tokare mutum. Yana ci gaba da tuƙa ƙafa har kafaɗunsa su ƙetare layin tsaro, domin wanda aka tura baya ba ya ganin kowa. Sai a sannan ya duba, ya sake ta, sau da yawa ta bayan hannu, a hankali, daidai cikin mai zuwa. Inda abin ke lalacewa uku ne: a saki kafin a ƙetare layi, ƙwallon ta faɗa hannun abokin gaba, a saki ba a ga mai karɓa ba, ko mai mara baya ya matso kusa da yawa ya wuce kafin ta fito. Ga kuma sanyin hunturun Faransa da taɓo, inda ƙwallo ke zama kamar sabulu.

Abin da ya sa wannan fasaha ta fi tsada a Yuniyon shi ne tana tsallake rak gaba ɗaya. Kowane rak, ko da mai sauri ne na daƙiƙa uku, yana ba masu tsaro damar sake jeruwa, yana kuma cinye mutum biyu ko uku na masu kai hari. Idan ƙwallo ta wuce daga hannu zuwa hannu a cikin kamu, masu tsaro biyu sun mutu a kan mutum ɗaya, sauran kuma suna gudu da baya. Wato abin da ya fi rauni a kai, aikin ƙasa, da wannan yake kauce masa.

Abin da bai taɓa mallaka sosai ba shi ne bugu da ƙafa. A Lig bugu aikin mutum biyu ne ko uku, galibi bayan kamu na biyar. A Yuniyon, musamman a tsarin Niyu Zilan, ana son mai lamba 12 ya zama mataimakin mai lamba 10, wato mai tsara hari, ya iya fitar da ƙwallo daga cikin layin mita 22, ya iya jefa ta bayan masu tsaro. Duk kocin da ya sa Williams ya san ya sayi wani abu ya bar wani.

Kaka biyu ya yi a Toulon. A ta biyu Philippe Saint-André ya karɓi ragamar horarwa, Jonny Wilkinson ya iso daga Ingila, sai ga Williams yana tsaye kusa da ɗaya daga cikin mafi natsuwar masu lamba 10 a duniya. Suka kai wasan kusa da na ƙarshe a Top 14, Clermont ta fitar da su bayan ƙarin lokaci. Suka kai wasan ƙarshe na ƙaramin kofin Turai a Marseille a watan Mayu na 2010, Williams ya dangwale, amma Cardiff Blues ta ci 28 da 21.

A wannan zaman na Faransa ne ya karɓi Musulunci, a 2009. Ya sha ba da labarin wani iyali 'yan Tunisiya da ya shaƙu da su, masu 'ya'ya biyar a gida mai ɗakin kwana ɗaya, da yadda wadatar zucinsu ta tsaya masa a rai, shi da ya baro Sydney da suna da kuɗi da shaye-shaye da rashin kwanciyar hankali. Za mu ware wa wannan kashi guda nan gaba, har da yadda ya riƙa haɗa azumi da atisaye.

Toulon ta so riƙe shi da kuɗi mai kauri. Amma dokar Niyu Zilan ita ce ba a gayyatar ɗan wasa All Blacks sai yana buga wasa a cikin gida, ga kuma gasar cin kofin duniya tana zuwa ƙasar a 2011. A tsakiyar 2010 ya ajiye tayin Faransa ya koma kan albashin da bai kama ƙafarsa ba. Ya fara daga ƙasa, ƙaramin kulob a Christchurch, sannan lardin Canterbury. Ranar 6 ga Nuwamba, 2010, kocin All Blacks Graham Henry ya saka shi a wasa da Ingila a filin Twickenham, ya zama Musulmi na farko da ya sa baƙar rigar. Suka ci 26 da 16, kuma daga sakin hannunsa ne harin da Hosea Gear ya ƙarasa ya taso. Mako guda bayan haka suka lallasa Sikotland 49 da 3 a Murrayfield, aka zaɓe shi gwarzon wasa.

Kakar 2011 da Crusaders, babban kulob ɗin Christchurch, ta zo da jarrabawar da ba ta wasa ba. Ranar 22 ga Fabrairu girgizar ƙasa ta afka wa Christchurch, mutum 185 suka rasu, filin wasan kulob ɗin ya lalace. Duk kakar a kan hanya suka yi ta, wasannin gida a ƙananan garuruwa irin su Nelson da Timaru, ɗaya ma har Landan, inda suka doke Sharks ta Afirka ta Kudu. Da Dan Carter a gefensa na ciki da Robbie Fruean a na waje, Williams ya yi kakar da ta rufe bakin masu cewa talla ce kawai. Suka kai wasan ƙarshe a Brisbane, Reds ta ci 18 da 13.

Duk da haka, da gasar duniya ta zo, bai zama zaɓin farko ba, kuma a ganinmu Henry bai yi kuskure ba. Ma'a Nonu da Conrad Smith sun shekara da shekaru tare a tsakiya, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai taka ba tare da magana ba. Tsaro a tsakiyar Yuniyon karatu ne: yaushe za a matsa gaba tare, yaushe za a zame gefe a bar layin fita ya yi aiki, wa zai ɗauki mai shigowa daga baya. Wanda ya shekara uku kacal a wasan, komai baiwarsa, bai kai su a nan ba. Sai aka mayar da shi makamin benci da ɗan cike gurbi. Ya fara wasan buɗe gasa da Tonga a tsakiya, ya dangwale sau biyu a kan Japan bayan ya taso daga benci, ya fara wasan Ajantina a gefe.

Ranar 16 ga Oktoba aka yi wasan kusa da na ƙarshe da Ostireliya a Eden Park. All Blacks suna gaba 20 da 6, saura 'yan mintuna, Williams bai daɗe da shigowa ba. Quade Cooper ya taso da ƙwallo, kafaɗar nan ta sake fitowa, babu hannu. Katin ɗorawa. Sa'arsa ɗaya wasan ya riga ya mutu, kuma ba a ƙara masa dakatarwa ba, da wasan ƙarshe ya wuce shi.

Ranar 23 ga Oktoba suka haɗu da Faransa. Carter, mai lamba 10, ya ji rauni tun a zagayen farko, Colin Slade ya bi shi, Aaron Cruden ya fita a rabin farko na wannan wasan, sai Stephen Donald, zaɓi na huɗu a wannan lamba, ya buga tarar da ta zama ta nasara. Tony Woodcock ya dangwale wa masu gida, Thierry Dusautoir ya rama wa baƙi. Williams ya canji Nonu saura kamar minti huɗu, ci 8 da 7, lokacin da bugun tara ɗaya tak ya isa ya kai kofin Paris. Aikinsa a waɗannan mintuna shi ne ainihin abin da ya zo bai iya ba a 2008: ya tsaya bayan layi, ya kama da hannu, ya shiga rak ta ƙofa, kada ya ba alƙali dalilin busa. Aka tashi 8 da 7, kofin farko na Niyu Zilan tun 1987. Brad Thorn, ɗaya tsohon ɗan Lig ɗin, yana cikin fili yana da shekara 36.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu bi shi zuwa Chiefs da kofin 2012, da damben da ya shiga a tsakanin kakanni, da komawarsa Sydney a 2013 a rigar Roosters, inda ya tarar NRL ɗin ma ta haramta bangazar kafaɗa kafin ya iso.